Hoton Fasfon Kumatu

Ranar da mai hoto ya fara ganinta, tana durƙushe a tsakiyar falo, ta shimfiɗa farin zanin gado a ƙasa ta kwantar da jariri a kai. Sai da ya maimaita sallama sannan ta ɗago. Idanunta jawur, kamar wadda ba ta runtsa ba.

Ƙarama ake kiranta a gidan. Yaron ɗan yayarta ne, wadda ta rasu wajen haihuwarsa. Tun daga asibiti ita ta karɓe shi, ita ta laƙaba masa Kumatu, ita ta san bambancin kukan yunwarsa da na barci. Yanzu mahaifinsa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko a yi wa ɗansa fasfo a kai masa shi. Komai ya kammala sai hoto: ido a buɗe, baki a rufe, kai a miƙe, kada hannun kowa ya fito. Duk mai hoton da Baba, mahaifin Ƙarama, ya kawo, da kunya yake fita.

Wannan mai hoton kuwa ya ja zanin kusa da taga, ya tsaya a kan yaron ya saita kyamara. Kumatu ya zuba masa ido shiru. Zai danna ke nan yaron ya ɓarke da dariya ya murɗe. Aka sake, haka. A karo na gaba mai hoto bai kalli kyamara ba, zanin ya kalla. A ƙarƙashinsa ga yatsar Ƙarama tana lallaɓawa zuwa tafin ƙafar yaron.

Ya bari sai da Baba ya fita amsa waya.

"Ashe ke ce 'yar zambar," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta so ta musa, hawaye ya riga ta. Ta kwashe komai ta gaya masa.

"Don Allah ka ce ba ya hotuwa. Ranar da hoton nan ya yi kyau, ranar za a raba ni da shi."

Da Baba ya dawo, mai hoto ya ce haske ya gudu, sai gobe. Washegari ya ce hadari. Bayan nan batir. Uzuri bai ƙare ba sai da ta fara gane ƙarar babur ɗinsa tun daga bakin layi, tana gyara ɗankwali ba ta sani ba. Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"'Yar zamba, ƙaryata ta ƙare. Gaskiya ɗaya ta rage mini: ina son ki, ke da abokin laifinki."

Ta karanta har ta haddace. Ta mayar masa: "Ka ƙirƙiro wata ƙaryar, mai hotona. Ni ma ina son ka."

Sai mahaifin yaron ya gaji da jira. Ya kira Baba ya ce idan Ƙarama ba za ta iya rabuwa da yaron ba, a ba shi aurenta su taho tare. Baba ya ga mafita. Ita kuwa ta ce ba za ta iya kallon mijin yayarta da wannan idon ba. Nan maƙwabciya ta tsegunta wa Baba cewa ba haske ke dawo da mai hoto gidan ba. Baba ya fusata, ya ce kada ya ƙara ganin babur ɗin a ƙofarsa, kuma da kansa zai kai yaron shagon hoto, ban da ita.

Ranar da za a tafi, tana sa wa Kumatu riga, sai ga mai hoto. Bai kalle ta ba. Ya roƙi Baba dama ta ƙarshe, da sharaɗin Ƙarama ta fita daga falon.

Ta tsaya bayan ƙofar kicin ta ji ƙarar kyamara, ta ji Baba yana hamdala. Hoto ya yi. Ta zame ƙasa ta rubuta masa: "Kai ma?"

Sai kukan Kumatu ya tashi. Ya waiga bai gan ta ba. Baba ya jijjiga, ya yi waƙa, ya kaɗa makullai, kuka sai ƙaruwa har muryar ta dishe. Ta yunƙura za ta shiga, ta ji mai hoto yana cewa Baba ya kira mahaifin yaron a bidiyo yanzu-yanzu, ya yi masa albishir. Mutumin ya fito a waya da murmushi, yana jin kukan murmushin ya ɓace. Baba ya tambaye shi wa zai riƙe yaron a can. Ya ce gidan raino, daga safe zuwa yamma.

Ƙarama ba ta jira izini ba. Tana ɗaukarsa ya cusa fuska a wuyanta, ya yi ajiyar zuciya, ya yi tsit.

Mahaifin ya daɗe yana kallo, yana share ido. Daga ƙarshe ya ce a yi fasfon, amma na ziyara ne. Yaro ya zauna inda ya samu uwa.

Baba ya kashe waya ya zauna, ya ce duk ya ji, amma wa zai auri budurwa da goyo?

Mai hoto ya ajiye kyamara ya durƙusa.

"Ni, Baba. Na yi maka ƙarya kan haske, ka yafe mini. Kan wannan ba na ƙarya."

Baba bai amsa ranar ba. Sai da ya yi bincike, ya ja musu rai, sannan ya ce a turo manya.

Ranar da aka ɗaura aure, da mota ta zo ɗaukar amarya, Baba da kansa ya fito da Kumatu a kafaɗa ya miƙa wa ango.

"Amana biyu na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya ba shi ƙanne masu kumatu irin nasa."

Ƙarama ta ce amin cikin mayafi, tana kuka tana dariya.