Tsakuwar Kabarin Hauwa'u

A 1964 ina karatun tauhidi a Beirut, mahaifiyata ta rasu a Wusasa. Tun daga nan, duk wurin da na ziyarta cikin wuraren Littafi Mai Tsarki sai na tsinci tsakuwa ɗaya da zan ɗora a kabarinta: Baitalami, Yariko, bakin kogin Urdun.

A hanyar gida jirgin ruwanmu ya tsaya a Jidda. Wani direba Bahaushe haifaffen can, Usuman, ya kai ni maƙabartar da ake cewa nan Hauwa'u matar Adamu, uwarmu duka, take kwance, a wani kabari mai tsawon gaske.

"Magariba ta yi, ɗan'uwa," in ji shi. "Yalla, yi sauri. Ni dai ba na shiga."

Ciki tsit, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali garin ya shekara bai ga ruwa ba. Na durƙusa na ɗauki tsakuwa. Da ɗuminta, kamar jikin mutum.

"Irmiya," wata tsohuwa ta kira sunana da Hausar gidanmu. "Uwa za ka yaye wa mayafi don ka rufe uwa?"

Na miƙe zumbur. Idonta daidai da nawa, na ɗauka a tsaye take. Ashe a zaune take, sai ta dafa ƙasa, ta fara tashi.