Gara Ya Je Ya Sayar da Zuma

"Ni dai da zan ga wanda ya rubuta maganar nan, da ludayin nan zan fasa masa baki!"

Mama Halyna ce ta faɗa tana kaɗa ludayin miya a saman tebur. Kowa ya yi dariya, ban da Noemi.

Ranar bikin godiya ce, kuma yau ne karon farko da Taras ya kawo ta gidan mahaifiyarsa a bayan garin Saskatoon tun da ya sa mata zobe.

"Mama, a bar maganar nan, ta wuce," in ji Taras.

"Ba ta wuce ba! 'Yar nan, ya gaya miki kuwa? Shekara da shekaru yana bin ƙudan zuma gona-gona don ya gano abin da ke kashe su. Ya rubuta, ya aika wa mujallar masana. Su kuma al'adarsu, sai su ba wani ɓoyayye ya duba, bai san ka ba, ba ka san shi ba. Matsoracin ya ce wai ɗana bai iya lissafi ba. Har ya ƙare da cewa, 'Marubucin nan gara ya je ya sayar da zuma, bincike ba sana'arsa ba ce.'"

Tsohuwar ta ci gaba.

"Ubansa da zumar bakin titi ya biya masa makaranta har ya rasu. Masu mujallar suka ƙi buga takardar, aikin jami'ar da ake riƙe masa ya kuɓuce..."

Noemi ta sunkuyar da kai. Ta san jimlar nan fiye da kowa a ɗakin.

Kendra, 'yar maƙwabta wadda Mama ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa, ta ajiye cokali a hankali. Tare suka yi digirin digirgir da Noemi a ƙarƙashin farfesa ɗaya.

"Mama, anya sai kin yi nisa?" ta ce da murmushi. "Farfesanmu in aiki ya yi masa yawa, ɗalibai yake miƙa wa su duba masa. Ko ba haka ba, ƙawata? Na tuna wata takarda kan ƙudan zuma... har kika karanta mana ƙarshen sharhinki muna shan kofi, muka yi ta ƙyaƙyatawa!"



Taras ya juyo. "Noemi?"

Da ƙasa za ta tsage, da ta shige.

"Rabin raina, ki ce min wasa take yi."

"Ni ce..." in ji Noemi. "A lokacin ban san ka ba, wallahi ban san ka ba!"

"Yaushe kika gane?"

"Ranar da ka ba ni labarin a bakin kogi."

"Ranar da kika riƙe hannuna kika ce duk wanda ya rubuta ba shi da zuciya?"

Ta kasa ɗaga ido.

Mama Halyna ta ajiye ludayin, ba ta jefa ba. Ta janye farantin da ke gaban Noemi, ta ce, "Motar gari na wucewa ta bakin cocin can."

Kwanakin da suka biyo baya Noemi ba ta san yadda ta yi su ba. A jami'a takan bi matakalar baya don kada ta wuce ƙofar ɗakin da Taras ke koyarwar wucin gadi. Ta tsaya gaban ɗalibai tana koyar da ƙididdiga, allo na yi mata duhu.

A da tana da mafaka. Doka ce mai dubawa ba ya bayyana kansa, kuma da dokar take rarrashin zuciyarta duk lokacin da Taras ya kira ta da sunan soyayya. Yanzu ta ga gaskiya tsirara. Ba doka ta rufe mata baki ba, tsoro ne. Jimlar ma ba don ilimi ta rubuta ta ba, don dai farfesa ya ce tana da kaifi, abokai su yi dariya. Ta manta akwai mutum a bayan takardar.

Kendra ta tare ta a layin sayen shayi. "Ayya, kin rame! Jiya na je taya Mama aiki, Taras ya ci abinci sosai."

Noemi ta karɓi shayinta ta wuce. Me mai laifi zai ce?

Ranar Asabar da hantsi ta shiga mota ta koma gidan Mama Halyna. Can bayan rumbu ta hango su, uwa da ɗa cikin fararen kaya, suna nannaɗe amyoyin marigayi mijin Mama da baƙin bargo kafin sanyi ya sauka. Rana ta ɗan buɗe, ƙudan sun fito shawagi.

"Kada ki matso, ba ki da hular raga," in ji Taras ba tare da ya dube ta ba.

Ta matso.

"Mama, wajenki na zo. Na ci mutuncin sana'ar mijinki don a ce na iya magana. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yafe min, ko da ba za ki ba ni ɗanki ba."

Tsohuwar ta ci gaba da ɗaure igiya.

Noemi ta juya ga Taras, hawaye na zuba. "Kai kuma na ci amanarka. Na bar ka kana kuka a kafaɗar wadda ta sa ka kukan."

Taras ya ajiye bargon. Sannan ya cire safar hannu.

"Lissafin fa? Ki gaya min gaskiya yau. Na yi kuskure?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe, ƙarya mai daɗi.

"Ka yi. Amyoyin gona ɗaya ka ƙirga kamar kowace daga gonarta daban take. Wannan ba zan janye ba."

"Kin ji marar kunya!" in ji Mama.

"Gaskiyarta ce, Mama. Na sani tun bara, girman kai ya hana ni gyarawa." Ya dubi Noemi sosai. "Da kin ce ban yi ba, da yau mun rabu."

"Taras..."

"Ban huce ba, ki sani. Amma gara ki gaya min mai ɗaci ido da ido. Ba sauran ɓoye-ɓoye tsakaninmu. Kin ji ko, masoyiya?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ƙwalla ƙara ta dafe kunci.

"Wayyo! Zuma ta harbe ni!"

Taras ya yi tsalle ya kama fuskarta, ya kankare ƙarin da farce. "Tsaya mana! Kada ki murza!"

Mama Halyna ta ɗaga hular ragarta ta leƙo. Ta ƙare wa kuncin kallo yana tashi kamar burodi, idon hagu na neman rufewa.

"To," ta ce, "ɗaya dai ta rama mana."

Noemi ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

"Me ka tsaya kallo? Kai ta ciki ka sa mata ƙanƙara!" Tsohuwar ta sake sunkuyawa kan igiyarta. "Kuma ka gaya wa Fada, limamin cocinmu, ya dakata da sa rana. Ba zan shiga coci da suruka mai ido ɗaya ba, sai fuskar nan ta sace."