Giwar Roba a Hammatar Mama

Safar hannu ta roba ce a saman ɗankwalinta, a hure tam, yatsun sun miƙe kamar zanko. Tana tsakiyar cara ta ga yaron da ke kan kujerar ɗibar jini ya daina dariya yana kallon ƙofa.

Ta waiga.

Mahaifiyar saurayinta Malam ce a tsaye. A bayanta ga 'yar ƙanwarta, mai yankan kati a asibitin, wadda ta daɗe tana yi wa Malam kwalliya bai ko ɗaga ido ba.

"Ga ta nan, Mama. Ai na ce ki zo ki gani da idonki."

Mama ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ce ɗana yake so ya kawo min gida?"

Ita kuwa mai zankon ba ta saki aikinta ba. Sai da ta zare allurar, ta manna wa yaron auduga, sannan ta durƙusa.

"Ina kwana, Mama?"

Zankon ya zame ya faɗi a gaban takalmin Mama. Ba ta amsa gaisuwar ba, ta juya abinta.

Anti Zakara ake ce mata a ɗakin gwajin, kuma ba ta taɓa jin kunyar sunan ba. Da safa ɗaya da alƙalami takan fitar da zakara, ko kifi, ko giwa mai hancin babban yatsa. Yaran da a da sai ƙarti sun danne su, yanzu da kansu suke miƙa hannu. In akwai abin da take taƙama da shi a duniya, to wannan ne, sai kuma Malam, mai koyar da lissafin nan da ya kawo ɗan yayarsa gwaji ya tafi ya bar zuciyarsa a can.

Da yamma ya tare ta a bakin asibiti, fuska duk a yamutse.

"Masoyiya, ki ajiye wasan nan, ko na ɗan lokaci ne..."

"Wa na zaga?"

"Ba kowa. Mama ce ta ce ba ta son mace marar kamun kai."

"Kai fa? Ranar da ka fara ganina me ke kaina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina sonka, Malam, Allah ya sani. Amma gobe yara za su zo a tsorace. In ce musu me? Anti tana neman aure, kowa ya yi kukansa?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"To ni ba zan shiga gidanku a matsayin wata ba."

Ta wuce kai a sama. Sai da ta shiga ɗakinta ta yi kukan da ta riƙe, don girman kai ba ya hana zuciya ciwo. Kwanaki suka shuɗe ba kira ba saƙo, ita kuma ba ta fasa cara ba.

Wata safiya ta ɗaga kai don kiran mai bi, sai ga Mama. Likita ne ya matsa sai an duba jininta, abokiyar aikin Anti Zakara kuma tana hutu. 'Yar kati ta biyo bayanta tana yatsina.

"Ki yi mata a mutunce, ba yarinya ba ce."

Ta gaishe ta, ta sa safa a inda aka yi ta domin sa, ta ɗaure mata dantse. Tana ɗauko allura Mama ta janye hannu. Ta sake gwadawa, ta sake janyewa. Gumi ya karyo wa Mama. Ashe matar da gida guda ke shakka, allura ce dodonta.

Anti Zakara ta dubi 'yar kati.

"Ba mu wuri."

Tana fita, Anti Zakara ta tura ƙofa, ta zauna. Can Mama ta yi gyaran murya, idonta a bango.

"Ke... shi wannan abin naki, yara kaɗai ake yi wa?"

"Babu ruwansa da shekaru, Mama. Zakara ko giwa?"

"Giwa. Ni ba sa'ar zakara ba ce."

Ta hura wata safa, ta ƙulle, ta zana mata ido ɗaya babba ɗaya ƙarami.

"Riƙe mata hanci, Mama. Matsoraciya ce, in ta ga allura suma take yi."

"Duk girman nan nata?"

"Ai manya sun fi tsoro, ɓoyewa kawai suka iya."

Mama ta harare ta, sai kuma dariya ta ƙwace mata, har da hawaye. Kafin ta nutsu kwalbar ta cika.

"Ba wanda zai ji wannan a bakina, Mama."

Mama ta daɗe tana kallonta.

"Rabon da a riƙe ni kamar yarinya, tun rasuwar uwata," ta ce a hankali. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ta tashi, ta saƙale giwar a hammata, ta buɗe ƙofa. Layi cike yake da mutane. Ta ratsa su kai a sama, ta wuce 'yar ƙanwarta da ta saki baki, ta tsaya kan Malam da ke jiranta a benci.

"Tashi ka kai ni wurin kawunka, maganar aurenka ta taso. Kuma duk wanda ya sake cewa ta daina, ni ya taɓa."

Malam ya leƙo ɗakin, murya ƙasa-ƙasa.

"Hasken idona... ki yafe min."

Ta ja sabuwar safa, murmushi na neman tona mata asiri.

"Na yafe. Amma bi layi, Malam, akwai yara a gabanka."