Ranar da Aina'u Ta Nemi Ruwa

"Abban Aina'u, wallahi in ka makara yau ba ruwana!" Nafisa ta faɗa tana dariya, tana tura masa kular abinci cikin jaka.

Usaini a kamfanin jima yake aiki a Challawa, tafiyar minti goma a babur daga gidansu na Panshekara, amma kullum sai ya kusa makara, don ba ya fita sai ya tsokani matarsa.

"Ke ce kike makarar da ni. Mutum ya ga wannan murmushin, sannan a ce ya tafi shaƙar warin fata?"

"Ka ji ka! Jeka don Allah."

Ya durƙusa gaban 'yarsu Aina'u, tana zaune a tabarma tana jera murafen kwalba. "Bai-bai, 'yar Abba." Ba ta ɗago ba. Shekararta uku, ba ta taɓa cewa Umma ko Abba ba. In an kira sunanta sai ka ce ba da ita ake ba. Wanka yaƙi ne, abinci in ba farar taliya ba sai ta yi wurgi da shi, in maƙwabta suka tayar da injin markaɗe kuwa sai ta toshe kunne ta yi ta ihu har muryarta ta dushe. Abin yana cin Nafisa a rai, amma mijinta bai taɓa barinta ta ɗauka ita kaɗai ba.

Ana nan sai Hajiya Kulu, mahaifiyar Usaini, ta zo daga Kura za ta yi musu sati. Kwana uku tana kallon jikarta, ran na huɗu ta kira ɗanta tsakar gida.

"Usaini, a danginmu babu mai irin wannan. Iska ce, kuma daga wajen uwarta ta gado. Ka mayar da Nafisa gidansu, ni in tafi da yarinyar Kura a nema mata magani."

Nafisa tana kicin, ta ji komai. Ludayin da ke hannunta ya suɓuce mata, hawaye suka zubo.

Usaini ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ku gafarce ni. Ban taɓa saɓa muku ba, amma me Nafisa ta yi? Ita take shan cizo da yaƙushi wajen wanka, ban taɓa jin ta ɗaga wa yarinyar nan murya ba. Ku ba ni sati biyu, don Allah."

"Sati biyu. Na ji," in ji Hajiya, ta kau da kai.

Da yamma Nafisa ta leƙa wajen maƙwabciyarta Rahila, 'yar Kafancan mai aiki a kamfanin biskit a Bompai. Rahila ta ga idonta ya kumbura, ta matsa mata har ta faɗi abin da ya faru.

"Haba Maman Aina'u, shi ne kika yi shiru? Ɗan yayata Dabora haka yake, yanzu har makaranta yana zuwa! Akwai likitar ƙwaƙwalwar yara a cikin gari, bari in karɓo miki lambarta."

Ranar zuwa asibiti Hajiya ta riga kowa yafa mayafi. "Da ni za a je, in ji da kunnena."

Likitar ta cire takalmi ta zauna a ƙasa tare da Aina'u, ta yi kusan awa tana miƙa mata ƙwallo da kofi, tana yi wa Nafisa tambayoyi. Hajiya ta raɗa wa ɗanta, "Wannan wasa ta zo yi ko aiki?"

Da likitar ta gama sai ta juyo wajen Hajiya. "Mama, abin da na gani alamun otizim ne. Wata lalura ce da ke sa yaro ya sha wahalar koyon magana da mu'amala, ƙara da taɓi ma su riƙa damunsa fiye da kowa. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Kuma allura ba ta maganinta, koyarwa ce. Za ku riƙa kawo ta duk sati, amma babban aikin a gida yake. Ana son mai haƙuri, wanda zai maimaita kalma ɗaya sau ɗari bai gaji ba."

"To ai ga Hajiya!" in ji Usaini. "Tun ina yaro take ce min in yanke farce, har yau ba ta gaji ba."

"Ja'iri!" Hajiya ta ɗaga masa carbi. Likita ta yi dariya, har Nafisa ta kasa riƙe tata.

Satin Hajiya ya koma wata huɗu. Ita da Nafisa suka raba aiki. Wanka da ƙaramin kofi, kaɗan-kaɗan, Hajiya na rera waƙar daka a hankali. Mai injin markaɗe ya yarda ya riƙa sanar da su kafin ya kunna. Kullum kuma Hajiya za ta ɗaga kofi daidai fuskarta ta ce, "Ruwa. Ru-wa," ta jira, sannan ta miƙa. Wata ran Aina'u ta ture kofin, wata ran ta yi kuka, Hajiya ta sake ɗaukowa.

Wata Asabar da hantsi, Nafisa na wanki, Usaini na wanke babur, Aina'u ta taso ta kama zanin kakarta. Ta kalli randa, ta kalli Hajiya.

"Wuwa."

Sai Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta tuna, ta yi sauri ta toshe bakinta kada ta firgita yarinyar.

"Ta yi magana! Nafisa, ta yi magana!"

Nafisa ta taho a guje, hannu duk kumfa, ta cika kofi ta miƙa wa 'yarta tana kuka tana dariya. Usaini ya rasa wa zai runguma, ya hau zagaya tsakar gida yana ta "Alhamdulillahi!"

Hajiya ta kamo hannun surukarta, kumfa da komai. "Ki yafe min, 'yata. Na ɗora miki abin da ba ki ji ba, ba ki gani ba."

"Haba Hajiya, ba ku yi min komai ba. Ai ku ne malamarta."

Har yau Aina'u ba ta son ƙara, kalmominta ma ba su kai ashirin ba, amma kowace ta fito sai an yi shagali a gidan. Yaro irin Aina'u ba ya buƙatar a nemo mai laifi. Abin da yake buƙata shi ne a kai shi wajen masana da wuri, a haɗa kai a kansa, a yi haƙuri da shi. Namiji kuma yana iya girmama mahaifiyarsa ba tare da ya zalunci matarsa ba.