Jerin da Najwa Ta So

Bayan isha'i Yahuza ya isa gidan a Kurudu. Sana'arsa kenan, tsara wa mutane akwatin kallo yadda za su ga abin da suke so a shafin farko. Matar da ta kira shi ce ta buɗe ƙofa, ta koma ta zauna kan kujera a lungun da haske bai kai ba. Falon da sanyi, ga ƙamshin kafur, kuma bai ji takunta a kan tayil ba.

"Oga, ka sa finafinan katun a gaba saboda 'yata," ta ce, muryar kamar daga cikin rijiya. "Bidiyon bikinmu kuwa ka tura shi can ƙasa. Maigida ba ya barci saboda shi."

Ya danna rimot, ya jera komai. Sai ta nuna hoton da ke bayan jerin, wata mace tana dariya.

"Shi ma cire shi."

Yana cirewa ƙofa ta buɗe. Wani mutum ya shigo da yarinya tana barci a kafaɗarsa.

"Malam, wa ya buɗe maka gidana?"

"Madam ce," in ji Yahuza, ya waiwaya.

Kujerar ba kowa, ko lotsawa ba ta yi ba. Mutumin ya shaƙi ƙamshin, ya dubi talabijin ɗin da babu fuskar marigayiya matarsa, ya durƙusa a hankali don kada yarinyar ta farka.

"Haba Najwa," ya ce. "A nan ma sai kin tafi?"