Tukunyar da Ba Ta da Huji

Ganye ɗaya tak ya kawo, a naɗe cikin hankici. Auta tana tsugune tana tankaɗe yashi a shagon furannin babanta lokacin da ya yi sallama, dogon saurayi da ƙurar alli a hannun rigarsa.

"Don Allah, me ke damun wannan?"

Ta karɓi ganyen ta murza. Ya yi rawaya, ya yi laushi. "Ruwa ne ya yi yawa. Tsabar so za ta sa ku kashe shukar nan."

Ya yi dariya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, don dariyar ta shige ta fiye da yadda ta so.

Malamin makaranta ne. Shukar ta mahaifiyarsa ce, irin mai faɗin ganyen nan da ake ajiyewa a falo, kuma mahaifinsa ne ya dasa ta a shekarar da ya rasu. Auta ta ce a rage ba ta ruwa. Washegari ya dawo, wai ya manta sau nawa ta ce. Kwana biyu ya sake dawowa, wai neman taki. Kafin wata ya cika, Baba ya ce in Malam zai ci gaba da wannan sintiri, gara a miƙa masa tsintsiya a san ma'aikaci ne.

"Furena," ya rubuto mata wata rana, "yau sau biyu na rubuta kwanan wata a allo, ɗalibai suna ta dariya. Laifinki ne."

"Malamina, ni ma na sake zuba gawayi a tukunyar da na riga na zuba wa. Mun yi kunnen doki."

Sai dai Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta so. Ba ta taɓa ganin Auta ba, amma ta ji cewa wuni take tana dama ƙasa, ga shi kuma Hajiya tana da wadda ta ajiye masa a ranta, 'yar aminiyarta mai aikin ofis. Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda Auta ta zo gaisuwa.

Ranar da za ta je, saƙonsa ya riga ta fita daga gida.

"Furena, in kin ga shukar, ki ce ta yi kyau kawai. Mama da hannunta ta sauya mata tukunya, kuma tukunyar kyautar waccan yarinyar ce. Don Allah."

Tukunyar kam ta haɗu, farar tangaran mai bakin zinariya. Amma tun daga ƙofa Auta ta hango ganyen ƙasa duk sun zube, na sama sun langaɓe.

Bayan gaisuwa Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "An ce ke ce masaniyar shuka. To, ya kika ga tawa?"

Malam ya zuba wa Auta ido yana roƙo. Kalma uku kacal ake nema a bakinta, aurenta kuma yana rataye da su. Amma tun tana 'yar mitsitsiya take gefen babanta, ba ta taɓa jin ya ce wa mai shuka tana lafiya alhali mutuwa take ba. Ta durƙusa, ta cusa yatsa a ƙasar, ta sansana, ta ɗan karkata tukunyar.

"Mama, ki yi haƙuri. Tukunyar nan ba ta da huji."

"Na sani. Shi ya sa na zuba tsakuwa har kusan rabi, ruwa ya riƙa sauka can."

"Yana sauka, Mama, amma ba shi da hanyar fita. Yana nan kwance, tsakuwar kuma ta matso da danshin kusa da saiwa. In aka bar ta haka, ba za ta kai wata biyu ba."

Hajiya ta gyara mayafinta. "To, mun gode. Ki gaida mutanen gida."

Kwana uku wayar Auta ba ta yi ƙara da sunansa ba. Ta yi kuka a bayan buhunan taki, tana hango shi a gidan 'yar ofis, amma ko sau ɗaya ba ta yi da-na-sani ba. Da ta ba Baba labari, sai ya ci gaba da fasa gawayinsa, ya ce, "Da kin ce ta yi kyau, da ni kika kunyata."

A rana ta huɗu saƙo ya shigo.

"Ki yafe min shirun nan. Na ɗauka haushinki nake ji, ashe kunyar kaina ce. Jiya ganye uku sun sake faɗuwa. Mama ta ce ki zo da kayan aikinki."

Ta je da tukunyar ƙasa mai huji, ba ado ko ɗigo. Da ta zare shukar, wari ya cika falon, ruwa baƙi ya biyo tsakuwar. Ta datse saiwar da ta ruɓe, ta kifa guntun fasasshiyar tukunya a kan hujin don kar ƙasa ta zube, sannan ta cakuɗa ƙasa da yashi mai kauri, da dakakken gawayi, da ɓawon itace.

"Ba tsakuwa ko kaɗan?" in ji Hajiya, wadda ta matso ba tare da ta sani ba.

"Ko ɗaya, Mama. Abin da zai ba ruwa hanya, a cikin ƙasar ake gauraya shi. Riƙe min nan."

Hajiya ta naɗe hannun riga ta riƙe. Da suka gama, Auta ta wanke farar tukunyar tas, ta zura ta ƙasar a cikinta. "Kyauta ce mai kyau, bai kamata a jefar ba. In kin ba da ruwa, sai a ɗaga a zubar da wanda ya taru."

Har bakin ƙofa Hajiya ta raka ta.

Mako shida bayan nan, sabon toho ya fito. Hajiya ba ta aiko kowa ba, da ƙafarta ta zo shagon, Malam yana biye da ita yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa ƙarin girma.

"Mutum nawa suka shiga falona," ta ce wa Baba, "suka ga abin da mijina ya bar min yana mutuwa, har ɗan da na haifa, kowa ya ce min ya yi kyau. 'Yarka kaɗai ta ƙi. Kawunnansa za su zo, amma na ce sai na riga su roƙo."

Baba ya juya ya dubi autarsa. Alfahari ya cika fuskarsa. Sannan ya ce, "Na ba ku."

Ranar da aka kai amarya, Hajiya ta kama hannun Auta ta ɗora a na ɗanta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ke kuma, 'yata, duk ranar da kika ga wani abu na lalacewa a gidan nan, ko ni ce sila, ki faɗa min."

"Zan faɗa, Mama," in ji Auta.

Kowa a ɗakin ya amsa da amin.