Ƙarafan Birki a Gonar Gero

A wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Sunan kakarta aka sa mata. Saboda haka mahaifinta ba ya kama sunan, sai dai ya ce, "Uwata." Ita kuwa Kaka "takwara" take ce mata.

Kaka tana da yaya a Bagwai, sunanta Furera. Furera ta tsufa ƙwarai, idanunta sun fara dushewa. Ta aiko cewa tana so ta ga fuskar ƙanwarta tun tana iya gani.

Amma Kaka tana tsoron mota. Tun ranar da wata motar kasuwa ta kusa faɗawa kwari da ita, ba ta ƙara shiga ba. Baba ya daɗe yana lallashi kafin ta yarda.

"Zan shiga," in ji ta. "Amma in na ji motar nan ta yi ko da tari ne, to ka sauke ni."

"Ba za ta yi ba, Inna. Har birki zan sabunta mata."

Baba direba ne, kuma ya iya gyara da hannunsa. Ana gobe tafiya, ya ɗaga motar da jak a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ya cire tayoyin gaba. Ya zaro tsofaffin fad, wato ɓangaren birki da ke matse faifan taya in an taka. Sun cinye, sun yi sirara. Ya buɗe kwalin sababbi, sai aka kira la'asar. Ya wanke hannu ya tafi masallaci.

A lokacin gero ya fara nuna. Aikin yarinyar bayan makaranta shi ne korar tsuntsaye. Tana da igiya mai gwangwanaye a gona, amma duk sun yi tsatsa. Ko ta ja igiyar, jan-baki ba sa tashi. Sun raina ta.

Za ta wuce gona sai ta leƙa kwalin. Ta ga wata 'yar leda, da ƙananan ƙarafa sirara a ciki, suna ƙyalli. Ta girgiza ledar, suka yi ƙara mai daɗi.

"Wannan ai ƙari ne, irin wanda mai ƙosai ke yi," ta ce a ranta. "Me waɗannan 'yan abubuwa za su yi wa ƙatuwar mota?"

Ta ɗauka ta tafi. Ta ɗaura su a igiya bibbiyu. Da ta ja, rana ta haska su, suka yi cakal-cakal. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Yarinyar ta yi tsalle don murna.

Da magariba ana cin tuwo, Baba ya ce wa Mama, "Kin san na rasa kilif ɗin birkin nan? 'Yan ƙarafa ne a leda. Na duba ko'ina."

"Ina jin akuyar nan ce," in ji Mama. "Ba ta ganin leda ta ƙyale."

"Tsofaffin kuma tsatsa ta cinye su, ina cirewa suka karye. Haka na ɗaura. Ran kasuwa na sayi wasu."

Yarinyar ta ɗaga kai. Ta dubi akuyar, akuyar ta dube ta. Ta buɗe baki, sai ta tuna yadda tsuntsaye suka gudu. Ta mayar da kai kan tuwo.

Da safe Kaka ta fito da tsarabarta: daddawa, kuka, da man shanu a 'yar ƙwarya. Ta yi bisimilla ta shiga baya. Yarinyar ta zauna kusa da ita.

Da farko lafiya lau. Amma da suka hau hanyar da ruwa ya zaizaye, sai aka ji kas-kas-kas daga gaba.

"Mene ne wannan?" in ji Kaka.

"Ba komai, Inna."

Baba ya taka birki, ƙarar ta ɗauke. Ya saki, ta dawo. Kas-kas-kas!

"Tsaya! Na ce ka tsaya! Motar nan haƙoranta ke kaɗawa."

Baba ya tsaya. Kaka ta fita da ƙwaryarta, ta zauna a gindin wata ɗorawa.

"Inna, birkin yana kamawa. Ƙara ce kawai."

"Waccan ma da ƙara ta fara. Ku tafi. Ku gaida mini Furera, ku ce ta yafe ni. In da rabon ganawa, ma gana."

Ta juya fuska, ta share ido da gefen mayafi. Yarinyar ba ta taɓa ganin hawayen Kaka ba. Ta matso kusa da Baba.

"Baba," ta ce da ƙaramar murya, "ba akuya ba ce. Ni ce. Suna gona, a jikin igiyata."

Baba ya juyo ya dube ta. Bai ɗaga murya ba.

"Uwata, jiya kina ji ina cigiya?"

"Ina ji, Baba. Na ɗauka ba su da amfani."

"Kin san fartanya in ruwanta ya saki daga ƙota? Tana noma, amma tana girgiza. Haka fad yake. Waɗannan 'yan ƙarafa ne ke riƙe shi daram a mazauninsa. In babu su, sai ya yi ta bugun ƙarfe, kuma ba zai ci daidai ba." Ya nisa. "Ni ma na yi gaggawa. Bai kamata in ɗaura babu su ba."

"Takwara," in ji Kaka daga gindin ɗorawa, "ashe ke ce akuyar?"

Yarinyar ta yi dariya cikin hawaye. Ba su yi nisa da gida ba. Ta yanki hanya ta tsakanin gonaki da gudu, raɓa tana jiƙa mata zani. Ta kunto igiyar gaba ɗaya, ta dawo tana haki, gwangwanaye suna binta a baya.

Baba ya sa dutse a bayan taya, ya ɗaga motar. Ya kunce ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa ko sun lanƙwashe. Allah ya sa ba su yi komai ba.

"Matso ki gani," in ji shi.

Ya kankare tsatsar mazaunin da burushin waya. Ya danna kilif ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kowanne ya yi ƙas ya zauna. Ya shafa ɗan giris a kunnuwan fad.

"A fuskarsa fa, Baba?"

"A'a. In maiƙo ya taɓa fuskar, birki ba zai kama ba."

Ya zura fad ɗin. Ya ce ta girgiza shi da yatsa. Ko motsi bai yi ba. Ya yi wa ɗaya tayar haka. Sa'an nan ya shiga ya tattaka birki har ya yi tauri.

"Bisimilla, Inna."

"Tukuna. Wuce ta gabana in ji."

Baba ya bi ta kan ramukan nan, ya je ya dawo. Kaka ta kasa kunne. Babu ƙara ko kaɗan.

"To, yanzu ta yi hankali," in ji ta. Ta miƙa wa yarinyar hannu. "Tashe ni, takwara. Kada ki sake ni har mu isa."

A Bagwai suka tarar da Furera zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ta kama fuskar Kaka da hannu biyu, ta jawo ta kusa da idanunta.

"Ƙanwata? Ke ce? Kai, kin tsufa!"

"Ji mai faɗa!" in ji Kaka.

Suka rungume juna, suna kuka suna dariya.

A ranar tsuntsaye sun ɗan ci gero, tun da babu igiya a gona. Baba bai yi faɗa ba. Washegari ya ba ta tsofaffin wasoshi, wato 'yan zobban ƙarfe, da murafun kwalba, ya taya ta ɗaurawa.

Daga nan yarinyar ta koyi abu biyu. Ba ta ƙara ɗaukar abin da ba nata ba sai ta tambaya, kome ƙanƙantarsa. In kuma ta yi kuskure, nan take take faɗa, ba ta jira sai ya sa wani kuka.